Tabarmar Madam Sarala

An riga an sayi atamfar biki, an sa rana bayan girbi, lokacin da likita a Zariya ya gaya wa Rahila cewa ƙullutun da ke nononta na dama ciwon daji ne, kuma babu yadda za a yi sai an cire nonon gaba ɗaya.

Shekararta ashirin da tara. Malamar 'yan aji huɗu ce a wata firamare ta Ƙofar Guga, kuma ita kaɗai ta rage a gaban mahaifinta, Baba Bulus, tsohon kafinta da ya baro ƙasar Kagoro tun yana saurayi ya kafa gida a Kambarawa. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa. Wanda za ta aura kuwa Ɗanjuma ne, malamin dabbobi, mutumin Fankshin, wanda ke yini a kan babur ɗinsa Honda yana bin rugagen Fulani ta wajen Batagarawa yana yi wa shanu allura.

Aka yi aikin, aka sallamo ta a farkon damina.

Ciwon ya rufe, an zare zaren ɗinki, amma hannun dama ya ƙi. Tabon ya taso daga tsakiyar ƙirji ya shige can cikin hamata. In ta yi nufin ɗaga hannun sai ta ji kamar an ɗaure shi da igiya a jikin haƙarƙarinta. Likita ya ce ta riƙa motsa shi kullum. Ta gwada rana ɗaya, zafi ya ratsa ta har wuya, ta tabbata ɗinkin ne zai farke. Tun daga nan ta rungume hannun a ciki kamar mai riƙe da jariri. Da hagu take cin tuwo, tana juya baya don kunya. Maƙwabciya ke ɗaura mata ɗankwali. In ta jiyo yara suna wucewa makaranta da safe sai ta tuna allo da tsayinsa, gabanta ya faɗi, don malamar da ba ta iya kai alli sama ba ta san me za ta koma yi a aji ba.

Ɗanjuma bai fasa zuwa ba. Da yamma zai jingine Hondarsa a gindin itacen bedi na ƙofar gida, ya sauke ƙwaryar kindirmon da Fulani suka ba shi, ya zauna a kan benci yana ba ta labarin shanu har sai ta yi murmushi. Duk ranar da ta taɓo maganar aure sai ya ce rana tana nan inda aka sa ta.

Sai ga mahaifiyarsa, Mama Tabitha, ta iso daga Fankshin da ƙunshin acca, ta ce dubiya ta zo.

Ta gaishe da Baba Bulus, ta tambayi gida da aiki da ruwa, ta kama hannun Rahila ta yi addu'a mai tsawo. Amma da aka ce amin, Rahila ta buɗe ido ta ga inda idon tsohuwar yake. Yana kan gefen rigarta na dama, inda ta cusa auduga.

Dubiyar kwana biyu ta zama zama. Ba a daɗe ba maganar ta zagayo kunnen Rahila ta bakin matan zumunta na coci: Mama Tabitha ta ce ita ta yi jinyar yayarta da wannan ciwo, ta ga yadda yake lafawa ya dawo, ita ta wanke gawar da hannunta. Ɗanjuma shi kaɗai ne namijin da ya rage mata. Ba za ta zura ido ya yi biki bana ya yi makoki baɗi ba.

Rahila ba ta ga laifin tsohuwar ba. Abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

A waɗancan shekarun gwamnati na da kuɗin man fetur, makarantu na tashi ta ko'ina, ana ɗauko malamai har daga Indiya. Ɗaya daga cikinsu, malamin lissafi a wata sakandare, yana zaune da matarsa a gidajen ma'aikata, ba nisa da gidan Baba Bulus. Sunan matar Madam Sarala. Baba ne ya yi musu kantar littattafai, Rahila kuma ta koya mata Hausar cefane. 'Yar siririya ce mai furfura a goshi, ta yi aiki a asibiti a ƙasarsu kafin ta biyo miji.

Ranar da Madam ta zo gaisuwa ba ta kalli ƙirjin Rahila ba. Hannun ta kalla. Ta tambayi abin da likita ya ce, ta tambayi ko ɗinkin na ruwa, ko akwai zazzaɓi. Da ta ji babu, sai ta ce da 'yar gajeriyar Hausarta:

"Hannu bai mutu ba, Rahila. Tsoro yake ji. Ki zo gidana gobe da hantsi."

Ta ce akwai wani motsa jiki na ƙasarsu da ake kira yoga, a hankali ake yin sa, da numfashi.  Rahila ta san falon Madam. A kusurwa akwai hoton wata mace mai hannuwa da yawa, da 'yar fitila da turaren tsinke a gabansa.

"Madam, ni Kirista ce. Ba zan durƙusa wa wancan hoton ba."

Madam Sarala ba ta ji haushi ba. Ta ce hoton nata ne, ba na Rahila ba, kuma a barandar baya za su shimfiɗa tabarma. "Ni in ƙirga numfashi, ke ki kira Allahnki. Kafaɗa kawai nake so."

Haka aka fara.

Ranar farko ba su yi komai ba sai zama. Madam ta sa ta ta ɗora tafin hagu a kan haƙarƙari, ta ja iska ta hanci har ta ji ƙashin ya buɗe, ta sake ta a hankali. Rahila ba ta san tun daga asibiti rabin numfashi take yi ba sai ranar. Da iskar ta kai ƙarƙashin tabon ta ji ya ja, ta firgita ta riƙe. Madam ta ce ta bar shi ya ja.

"Inda ya ja, ki tsaya ki yi numfashi. Inda ya soka, ki koma baya. Ba a faɗa da jiki."

Sannu a hankali aka ƙara. Juya kafaɗu. Kwanciya rigingine da matashi a ƙarƙashin gwiwar hannu, a bar hannun ya buɗe da nauyin kansa kamar ƙofa. Tsayuwa a gaban bango, yatsu na hawa kamar gizo-gizo. Daga baya ta iya dafa ƙasa da hannu da gwiwa tana lanƙwasa baya kamar mage in ta tashi daga barci. A ƙarshe kullum sai ta zauna a kan dugaduganta, ta sunkuya ta kai goshi tabarma, hannuwa a miƙe gaba, ta huta. Wannan zaman ya fi yi mata daɗi. A cikinsa take karanta Zaburar da mahaifiyarta ta koya mata, Madam na gefe tana ƙirge da harshensu ƙasa-ƙasa.

Wata safiya Rahila ta ɗaura ɗankwalinta da kanta. Bai ɗauru da kyau ba, amma ta zauna a bakin gado ta yi kuka har Baba ya leƙo.

Ɗanjuma ya san tana zuwa gidan Ba'indiyar motsa hannu, ya kuma yi murna. Ba ta taɓa kwatanta masa kai goshi ƙasa ba. Ta san yadda zai yi nauyi a kunne.

A tsakanin nan ne Mista Joseph ya dawo da maganarsa. Ɗan kwangila ne, siminti ya ɗaga shi cikin 'yan shekaru, shi ya yi wa cocinsu sabon rufin kwano. Matarsa ta rasu ta bar masa yara. Ya taɓa neman Rahila kafin Ɗanjuma, ta ba shi haƙuri. Yanzu ya tsayar da motarsa Fijo fara a ƙofar gida, ya cire hula ya durƙusa gaban Baba Bulus, ya ce ya ji a Ingila akwai injin da ke gasa sauran ciwon ya ƙone shi tun daga saiwa. Zai kai ta, shi zai ɗauki komai. Bai ɓoye sharaɗinsa ba, ya ce ba zai ɗauki matar wani zuwa ƙasar waje ba, sai tasa.

Ba mugun mutum ba ne, kowa ya sani. Shi ya sa maganar ta zauna a zuciyar Baba.

"Uwata," in ji shi bayan Fijo ta tafi, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "ban ce ki so shi ba. Na binne uwarki da hannuna. Ba ni da ƙarfin haƙa wani ramin."

Rahila ta ce ta ji, ya ba ta lokaci.

Ranar Talata aka tashi da ruwa. Iska na kaɗo shi har cikin barandar baya, tabarma ta jiƙe. Madam ta ce ko su bari sai gobe, Rahila ta ce a'a, falo ma ya yi, za ta juya wa hoton baya.

Tana kwance rigingine, hannun a buɗe fiye da kullum, sai ta ji wani abu ya tokare a hamata. Ta kai yatsun hagu. Akwai wani siririn abu mai tauri kamar tsirkiya, ya miƙe zuwa dantse. A gefensa kuma, can ciki, wani ɗan dunƙule kamar ƙwayar gujiya.

Ta san wannan taurin. Da irinsa aka fara.

Ta kamo hannun Madam ta ɗora a wurin. Madam ta taɓa a hankali, ta daɗe, idonta a rufe. Rahila na kallon fuskarta tana neman murmushin nan da ta saba gani, bai zo ba.

Madam ta ce tsirkiyar ta san ta, tabo ne ke ɗaurewa, miƙa na sassauta shi. Dunƙulen kuwa ba ta sani ba, kuma ba za ta yi mata ƙarya ba. Yana iya zama ba komai. Amma wannan ba aikin tabarma ba ne, aikin likita ne, kuma kada ta bari mako ya juyo ba ta je Zariya ba.

Rahila ta ji falon na juyawa. Ta mirgina ta durƙusa, ta kai goshi tabarma don kada ta faɗi, kukan da ta daɗe tana dannewa ya ɓalle. Madam ta ɗora tafi a bayanta tana magana ƙasa-ƙasa da harshensu. Turaren tsinke na ci a kusurwa. Cikin mirginawar, ba ta lura ba, kanta ya koma wajen hoton.

Ƙarar ruwa a kan kwano ta hana su jin sallama.

Mama Tabitha ce a bakin ƙofa, da buhu a ka saboda ruwa. Ta je gidan Baba Bulus da niyyar su yi magana ta mata, aka kwatanta mata nan. Ta dubi yarinyar da ɗanta zai aura, goshi a ƙasa, ta dubi hoton, ta dubi hayaƙin turaren.  Ta juya cikin ruwan ta tafi.

Kafin la'asar maganar ta kai gidan fasto. Kafin magariba an aiko wa Baba Bulus cewa dattawan coci sun dakatar da sanarwar aure har sai an bincika.

Mama Tabitha ta zo da ɗanta. Ta zauna a tsakar gida ta faɗi abin da ta gani, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ta ce ciwo ba laifin kowa ba ne, da shi kaɗai ne wataƙila ta haƙura. Amma wadda tsoron mutuwa ya kai ta gaban gunki, gobe ina za ta kai jikokinta?

Rahila ta durƙusa ta ce, "Mama, ban yi sujada ba. Motsa jiki ne. Zabura nake karantawa."

"Idona ya gani, 'yata. Kuka kike yi kina roƙo. Mai motsa jiki ba ya irin wannan kukan."

 In Rahila ta faɗi dalilin kukan, ta ba tsohuwar hujjar da ta fi ta farko. Ta dubi Baba, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ta yi shiru, shirun kuwa kowa ya ɗauke shi amsa.

Ɗanjuma ya roƙi a bar shi ya gana da Rahila. Suka fita gindin bedi, ganye na ɗigo, rana na shirin faɗuwa.

"Malama," ya ce, don haka yake kiran ta, "ni ban gani ba. Abin da kika gaya mini shi zan riƙe. Me ya sa ki kuka?"

Ta ce ba komai. Ya ce shekara biyu yana zuwa gidan nan, ya san ba-komai ɗinta na gaskiya, ya san na ƙarya.

Sai ta gaya masa. Ta kwatanta wurin, ta kwatanta girman abin da kan ɗan yatsanta. Tana kallo fuskarsa ta canja. Mutumin da ke kama bijimi da ƙaho ya nemi benci ya zauna.

"Wataƙila ba shi ba ne," ya ce.

"Wataƙila. Haka muka ce wancan karon."

"Gobe mu tafi Zariya."

"Ka saurare ni, Ɗanjuma." Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Mama ba ta yi ƙarya ba. Ba gunki nake nufi ba, Allah ya san ban bauta wa kowa ba sai shi. Ɗaya maganar nake nufi. Ni ma na ga yadda ake jinyar wannan ciwo, a gadon da ke kusa da nawa wata ta cika. Ba na so ka tuna ni a haka. Ba na so ka riƙa wanke ni kana juya fuska. In ma na rayu, ban san ko zan haihu ba, ban san ko abin da ya rage mini zai ƙosar da jariri ba. Mama kai kaɗai gare ta."

"Ke nawa gare ni?"

"Kada ka sa ya fi haka wuya."

"Joseph ne? Na ga sawun motarsa."

Ta ce Mista Joseph ya zo, ba ta amsa masa ba, kuma ba don shi take wannan magana ba. Ya tambaye ta ko tana son zuwa Ingila. 

"Ina son in rayu. Ina jin tsoro, Ɗanjuma. Ko ina cikin mutane tsoro nake ji. A kan tabarmar nan kaɗai nake samun numfashi ya kai mini ƙasa, ita ma ga shi an raba ni da ita."

Ya rufe fuska da tafukansa. Ya ce shi ba shi da Fijo, ba shi da jirgi, in ya riƙe ta ya hana ta maganin da zai cece ta, wane irin so ne wannan? In kuma ya sake ta, da wane ido zai ƙara kallon ƙofar gidan nan? Ta ce shi ya sa ita ta sake shi, don kada ya zama shi ya yanke.

"Na yafe maka alkawarin. Ka mai da Mama gida."

Ta jira ya ce bai karɓa ba. Duk da ita ta faɗa, ta jira.

Daga cikin gida muryar Mama Tabitha ta kira sunansa. Ya miƙe a hankali kamar tsoho, ya dubi Rahila. Ya tura Hondar da hannu, uwarsa na biye, har suka sha kwana.

Da ta koma ciki ta gaya wa Baba komai. Bai yi mata faɗa ba. Ya sa hularsa ya fita, ta san inda za shi.

Gari na wayewa Fijo ta tsaya a ƙofar gida. Mista Joseph da kansa ke tuƙi. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce ba maganar aure ta kawo shi ba yau, asibiti kawai zai kai ta, sauran magana sai an dawo. Ya buɗe mata ƙofar baya, ya gyara mata matashi a gefen dama.

Ta tsaya da ƙafa ɗaya a waje tana duban kan layi. Mai koko ta wuce. Wani ya wuce da jaki. Baba ya taɓa kafaɗarta ya ce, "Uwata, rana na yi."

Ta shiga.

Tun kafin su kai Malumfashi hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Manyan motocin siminti na wucewa suna watsa musu taɓo. Mista Joseph na ba Baba labarin Landan, da jiragen ƙarƙashin ƙasa, da likitocin da ba sa kuskure. Rahila ba ta ji rabinsa ba. Yatsunta na son komawa hamata, tana hana su. Duk ramin da mota ta faɗa sai ta ji kamar abin ya ƙara girma. Wajen Funtuwa ƙirjinta ya toshe, gumi ya karyo mata, ta ga kamar a motar nan za ta mutu. Ta ɗora tafin hagu a kan haƙarƙari, ta ja iska ta hanci, ta bar tabon ya ja, ta sake ta. Ta sake ja. Ba ta daina jin tsoro ba, amma ta iya zama a cikinsa har suka shiga Zariya.

Layin ganin likita ya kai har baranda. Suka zauna a benci, Baba a dama, Mista Joseph a hagu yana duba agogo. Azahar ta wuce. Ana gab da kiran ta ta ji mutanen da ke bakin ƙofa suna matsawa suna gunaguni.

Ɗanjuma ne. Daga hula har takalmi ruwa ne da jan taɓo, gwiwar wandonsa a yage, jini na tsatsa. Haƙoransa na haɗuwa don sanyi. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya miƙa wa Mista Joseph hannu, shi kuwa ya dubi taɓon ya ɗan taɓa yatsun. Sannan ya tsuguna gaban Rahila.

Ya ce da sassafe gidan Madam Sarala ya fara zuwa, shi ya sa ya makara. Ya ce ta nuna masa duk abin da suke yi, ya cire takalmi ya yi da kansa a gaban mijinta.

"Na kai goshina tabarmar, Malama. Ban ji kowa ya kira ni ba, bayana kawai ya yi ƙara. Haka zan gaya wa dattawa."

"Mama fa?"

Ya kawar da kai. Ya ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in ya hau babur ɗin nan kada ya ƙara kiran ta uwa. Ya durƙusa ya roƙe ta, ba ta janye ba. Ya hau.

"Na ce na yafe maka alkawarin," in ji Rahila.

"Na ji. Jiya tsoro ya hana ni amsa. Ban karɓa ba."

Nas ta leƙo ta kira sunan Rahila.

Likitan da ya yi mata aiki ne. Ya sa ta ɗaga hannu, ya ga inda ya kai, ya gyaɗa kai ya ce duk wanda ke koya mata ta ci gaba da zuwa wurinsa. Ya taɓa tsirkiyar ya ce wannan tabo ne, zai saki. Sannan yatsunsa suka kai kan dunƙulen, suka tsaya. Ya danna ta nan, ya danna ta can. Ya taɓa wuyanta, ya taɓa ɗaya hamatar, ya dawo wurin. Rahila na kallon silin tana jin bugun zuciyarta a kunne.

Ya wanke hannu, ya daɗe yana gogewa. Ya ce ta sa rigarta. Ya ce akwai maganar da zai yi, kuma ba ya so ta ji ta ita kaɗai, a kira mata mijinta ko wanda zai aure ta.

Nas ta buɗe ƙofa ta faɗa a baranda. Ta tsakanin labule Rahila ta ga mutum biyu sun miƙe a tare, ɗaya da farar shadda da makullin mota a hannu, ɗaya yana ɗigar da ruwa a kan siminti. A tsakiyarsu Baba na zaune, ya ɗago ido yana duban ta, idon nan da ya roƙe ta da shi a tsakar gida.

Nas ta juyo ta rage murya. "Malama, su biyu ne suka tashi. Wanne ne naki?"

Rahila ta ja numfashi har ƙasa. Ta dafa bakin gado.

"Wanda ya jiƙe," ta ce.

Ɗanjuma ya shigo yana barin sawun taɓo a bayansa, ya tsaya a gefenta na dama, ya kama hannun da sanyin tafinsa. Likita ya tura ƙofa ya rufe, ya jawo kujera kusa da su, ya zauna, ya cire tabarau.